Zan iya canza fulin karankshaf a gida ba tare da kayan aikin kamfani ba?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Motata ta fara wata ƙara daga gaban injin, kamar ana kaɗa ƙarfe, musamman idan tana tsaye a kunne ko na kunna esi. Da na haska fitila sai na ga babban fulin nan na ƙasa, na karankshaf, yana rawa idan injin yana juyawa, robar da ke tsakiyarsa kuma ta tsattsage. Ina da jak da saitin soket da sifanoni, kuma ni nake canza wa motata bakin mai da birki. Littafin gyaran motar ya ce sai da wasu kayan aiki na musamman na kamfani. Shin dole ne sai da su, ko akwai dabarar da zan yi a gida? Motar mai silinda huɗu ce, ta fetur, giyarta otomatik.”

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani da fitilarka ya isa hujja: fulin da yake rawa, robarsa ta tsattsage, ya gama aiki, sai canji. Abin da ya rage shi ne ko mai jak da soket zai iya wannan canji a gida, kuma ko kayan da littafin ya ambata wajibi ne ko kuwa ƙa'ida ce kawai ta kamfani. Ka faɗi yawan silinda, ka faɗi mai, ka faɗi giya, amma ba ka faɗi sunan injin ba, alhali a kansa amsar ta rataya. Akwai injin da za ka yi wa wannan aiki da ƙarfen da ka huda da hannunka, ka gama lafiya lau. Akwai kuma wanda da zarar ka sassauta boltin tsakiya ba tare da ka kulle shi ba, taimin, wato daidaiton motsin fistan da buɗewar bawul, ya goce, kuma ba za ka sani ba sai ka murɗa makulli. Saboda haka zan bi da kai ta yadda za ka gane wane iri ne naka tun kafin ka ɗora soket.

Aikin robar da ke cikin fulin

Yawancin masu mota suna ɗaukar fulin nan a matsayin faifan da ke juya bel kawai, ya kai ƙarfi ga altaneta da kwamfiresan esi da famfon sitiyari, a wasu motocin har da famfon ruwa. Wannan rabin aikinsa ne. Karankshaf, wato babban ƙarfen cikin injin da fistoci suke juyawa, ba ya juyawa sumul yadda ido yake gani. Duk sa'ad da wuta ta tashi a silinda, fistan yakan buge shi da ƙarfi, sai ƙarfen ya ɗan murɗe sannan ya warware, kamar tsumman da ake matsewa a sake, sai dai murɗewar ba ta kai abin da ido zai kama ba. A injin mai silinda huɗu irin naka, bugu biyu ake yi a kowane zagaye. Idan allurar da ke nuna zagayen injin a minti tana kan 3000, bugu 6000 ke nan a minti ɗaya, wato 100 a kowace daƙiƙa. A wani matakin gudu bugun yakan zo daidai da lokacin da ƙarfen yake warwarewa, sai murɗewar ta riƙa ƙaruwa a kan kanta. In aka bar ƙarfe a wannan hali yau da gobe yakan gaji ya tsage, kafin nan kuma kaca ko bel ɗin taimin sun sha wuya.

Shi ya sa aka yi fulin kashi uku: cibiya wadda take ɗaure a hancin karankshaf, zoben waje mai nauyi wanda bel yake hawa, da roba a tsakaninsu. Idan cibiya ta fizga, zoben ba ya bin ta nan take saboda nauyinsa, sai robar ta shanye fizgar ta mai da ita zafi. Shekaru da zafin injin ne suke busar da ita. Bakin mai kuma yana kumbura ta ya ruɓar da ita da wuri, don haka in ka ga jiƙar mai a bayan fulin, to oyil-sil na gaba, wato zoben da ke hana mai fita ta hancin karankshaf, yana yoyo, kuma in ka bar shi sabon fulin ma ba zai daɗe ba. Ka sayo sil ɗin tare da fulin, tunda aikin ɗaya ne.

Akwai fulin da ake sayarwa na ƙarfe ko alminiyam zalla, ba roba, ana cewa ya fi ƙarko ko yana ƙara wa mota kuzari. Ni ba na saka shi a injin da kamfani ya yi wa mai roba. Fulin kam ba zai lalace ba, amma girgizar da yake shanyewa da, yanzu cikin injin za ta koma.

Kafin ka sayi komai, sake haska fitilar, injin yana juyawa, hannunka da rigarka nesa da bel. Dubi kan boltin tsakiya da cibiyar. In su suna juyawa tsaf, zoben waje ne kawai yake rawa, to robar ce, kuma maganarmu tana nan daram. In cibiyar ita ma tana rawa, to bolti ya riga ya sassauta, kuma mai yiwuwa hancin karankshaf ya fara cinyewa. Wannan ya wuce canjin fuli, kada ka ƙara tafiya da motar. Ko robar ce kaɗai ma ban ba ka shawarar jinkiri ba. Ran da zoben ya rabu da cibiya bel zai faɗi, caji ya tsaya, sitiyari ya yi nauyi, a motar da bel ɗin yake juya famfon ruwa kuma zafi ya hau nan da nan. Mafi muni, tsarabar bel ɗin da ya yage takan shige bayan fulin ta samu bel ɗin taimin.

Wane irin zama fulinka ya yi?

Kayan kamfani da littafinka ya lissafa, komai yawan lambobinsu, ayyuka huɗu suke yi: riƙe karankshaf kada ya juya, zaro fulin, mayar da shi, da kulle taimin. Uku na farko ana iya yi musu dabara. Na huɗun ba a yi masa. Abin da zai gaya maka ko kana bukatar na huɗun shi ne yadda fulin yake zaune a hancin karankshaf.

Mafi sauƙi shi ne wanda aka ɗaure da ƙananan boltoci a jikin giyar taimin, kamar na injin dizal 1.9 TDI na Volkswagen mai boltoci huɗu. A nan babban boltin tsakiya ba ruwanka da shi, kada ma ka taɓa shi.

Wanda ya fi yawa shi ne mai ki, wato ɗan ƙarfen nan, sau da yawa mai siffar rabin wata, da yake zaune a tsagin hancin karankshaf, rabinsa kuma ya shige tsagin fulin da na giyar taimin. Galibin injinan Toyota da Honda haka suke. Muddin ki yana nan, ko ka cire bolti giyar taimin ba ta da inda za ta goce. Wannan aikin gida ne, matsalarsa ɗaya ce, taurin boltin. Akwai kuma wanda aka danna da ƙarfi a hancin, kamar na injinan LS masu silinda takwas na kamfanin GM, wanda ko ka cire bolti ba zai motsa ba sai da maciri, wato ƙarfen da ake zaro fuli da shi.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne dalilin duk wannan dogon bayani. Wasu injinan ba su da ki kwata-kwata. Matsin babban boltin ne kaɗai yake haɗe fuli da giyar taimin da karankshaf su zama abu ɗaya. Injinan Duratec na Ford da 'yan'uwansu na Mazda masu 2.0 da 2.3 haka suke, har an saka musu wasu siraran washoshi masu kaushi don ƙara kamu. Haka ƙananan injinan Ford na Sigma masu 1.25 da 1.4 da 1.6, haka K4M na Renault. A kan waɗannan, bolti yana sassautawa giyar taimin ta zama sakakkiya. Karankshaf zai iya motsawa kaɗan kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, bai bi shi ba, ko sifirin ɗin bawul su tura kamshaf ya juya shi kaɗai. Ba alamar da za ka gani daga waje. Ka ɗaure, ka tayar, in ka yi sa'a injin ya yi ta rawa ba ƙarfi, in ba ka yi ba fistan ya haɗu da bawul ya lanƙwasa su. Injinan EA888 na Volkswagen da Audi su kuma haƙora ne a fuskar hancin, fuli da giyar kaca suna shiga juna, kuma in aka juya injin bayan an cire bolti giyar takan tsallake haƙori.

Ga irin na Ford da Mazda da Renault ɗin nan, kamfani ya tanadi fin da ake ɗaurawa ta gefen injin don karankshaf ya tokare da shi daidai lokacin da fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa, da faranti ko ƙarfen da ake sakawa a tsagin bayan kamshaf bayan an cire murfin sama. Ba lallai su fito daga hannun kamfanin motar ba, masu ƙera kayan aiki suna yin irinsu kuma suna aiki. Amma dole a yi su a kan awon injin ɗin. Bolti mai kama da fin wanda tsawonsa ya bambanta da milimita ɗaya zai tsayar da karankshaf a inda ba daidai ba, kai kuma kana ganin ka kulle. Alamar fenti ma ba ta wadatar a nan, domin kaurin layin fentin kansa ya kai digiri biyu ko uku a kan ƙaramar giya. A cikin motocin da ake jawo mana bayan an canza musu fuli a wani wurin, biyu ne laifin da ya fi yawa, kuma wannan ne na farko.

Duba littafinka. In ka ga a aikin cire fuli an ce a kai fistan na ɗaya ƙololuwa, a saka fin, a cire murfin sama a kulle kamshaf, to naka marar ki ne. In mariƙi da maciri kawai aka ambata, ka huta.

Kwance boltin

Shirin farko ka san shi, tunda kana yin birki. Injin ya huce, cire wayar batir ta baƙi, ɗaga mota ka ɗora ta a kan madogaran ƙarfe, kada ka yarda da jak shi kaɗai domin ƙarfin da za ka yi zai iya tunkuɗe motar. Cire tayar da ke ɓangaren fulin da robar da ke rufe cikin marfin taya. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin ka sassauta ajasta, wato abin da ke ɗame bel ɗin. Wasu motocin bel ɗinsu ba shi da ajasta, talewa yake yi, irin wannan yanke shi ake yi a saka sabo.

Boltin nan yana cikin mafi tauri a duk motar. Toyota ta ce a ɗaure na injin 1ZZ a kan niyuton-mita 138 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), na 1MZ mai silinda shida a kan 215, injinan Honda da yawa kuma 245. Wannan na ɗauri ne. Na kwancewa, bayan shekaru na zafi da tsatsa, yakan zarce haka nesa. Kuma duk ƙarfin da ka yi, injin juyawa zai yi ya bi ka sai ka riƙe shi.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a saka babbar giya, wani ya taka birki. Wannan ta mai kuloci ce, kai ba za ta yi maka ba. A otomatik, mai ne yake haɗa injin da giya a cikin kwambata, P kuwa ɓangaren tayoyi kawai yake kullewa, injin yana nan sake.

Abin da na fi so ga mai aikin gida shi ne mariƙin da zai haɗa da kansa. Dubi fuskar cibiyar fulin. A Toyota da wasu da yawa za ka ga ramuka biyu masu tiredi, nan mariƙin kamfani yake kamawa. Samo faffaɗan ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8, tsawonsa wajen mita ɗaya, a huda masa ramuka biyu daidai da na fulin, a yanke tsakiya yadda soket zai wuce. Ɗaure shi da boltoci masu ƙarfi, waɗanda aka rubuta 8.8 ko 10.9 a kansu, ɗaya bakin ƙarfen kuma ya tokare da ƙasa ko da wani ƙaƙƙarfan ƙarfen jikin mota, ba da lagireto ko bututun esi ba. Auna tsawon boltocin sosai, in sun yi tsawo za su fita ta bayan fulin su huda murfin taimin ko su fasa gidan famfon bakin mai. Honda ita kuma rami ne mai kusurwa shida, faɗinsa milimita 50, a cikin cibiyar, boltin kuma soket 19 yake ci. Ana iya walda babban noti mai wannan awo a jikin ƙarfe, amma nasa mariƙin ya yi yawa a kasuwa, saye ko aro ya fi wahalar haɗawa.

In fulin ba shi da inda za a kama, sai a koma bayan injin. A cire kik ko ɗan murfin da ke ƙasan gidan giya, a kulle haƙoran fulawil, wato babban faifan da ke bayan karankshaf, da ƙarfe mai haƙori wanda ake ɗaurewa da bolti. Wasu sukan cusa babban sukudireba a tsakanin haƙoran. Yana yi a bolti mai sauƙi, amma a mai tauri na ga haƙorin da ya gutsure, na ga gidan giya na alminiyam da ya tsage.

Wurin da mutane suke asarar ƙarfinsu ba su sani ba shi ne ƙarin tsawon soket. Boltin yana can ciki, dole ka haɗa ƙari har ya fito waje, sai ƙarin ya riƙa sunkuyawa yana murɗewa, rabin ƙarfinka ya tafi a nan, soket kuma ya karkace ya cinye kan bolti. Ɗora bakin ƙarin na waje a kan madogarar ƙarfe wadda tsayinta ya yi daidai da boltin, yadda zai miƙe sak. Yi amfani da soket mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba, da sandar soket marar ƙara, ka zura mata bututu. Kada ka yi da sifanar nan mai ƙaras-ƙaras, haƙoranta za su tafi. Galibin boltocin nan hagu ake kwance su kamar kowane bolti, amma leƙa littafi ka tabbatar.

Bindigar kwance noti, ta iska ko ta batir, in mai ƙarfi ce takan fitar da shi ba tare da an riƙe komai ba, domin bugunta ya fi saurin da injin zai bi. Soket mai nauyi, gajere, ba ƙari, shi ya fi isar da bugun. Amma a injin marar ki sai an kulle tukuna, kuma kada a bar farantin kamshaf ya ɗauki nauyin kwancewa, ba don haka aka yi shi ba, zai karye ko ya fasa tsagin kamshaf. Mariƙi ko makullin fulawil ne yake ɗaukar ƙarfi.

Za ka ji ana maganar dabarar kik: a ɗora soket da sanda, a tokare sandar da ƙasa ko jikin mota, a cire fiyus ɗin famfon mai ko wayoyin wuta don kada injin ya tashi, a ɗan taɓa makulli sau ɗaya, kik ya kwance boltin. Tana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Amma tana yi ne kawai a injin da yake juyawa dama idan kana kallon fulin. Tsofaffin injinan Honda na jerin D da B da H da galibin F hagu suke juyawa, a kansu kik ƙara ɗaure boltin zai yi. A injin marar ki kuwa hanya ce kai tsaye ta lanƙwasa bawul. Ko a inda ta dace, sandar da ta kuɓuce takan fasa abin da ta samu, ko ƙafar wanda yake kusa. Ni sai in ba yadda zan yi. Haka dabarar cusa igiya ta ramin fulogi don fistan ya tokare: duk ƙarfin yana sauka a kan fistan ɗaya da sandarsa, kuma in ba lokacin da bawul biyu suke rufe aka yi ba, bawul ne zai ɗauka. Ban ga dalilin wannan kasada ba alhali ƙarfe da ramuka biyu sun isa.

Gashi da wuta kuwa, in ya zama dole, a kan boltin kaɗai, kaɗan, kuma da sanin cewa sil ɗin da ke baya ya tafi.

Cirewa da mayarwa

Fuli mai ki sau da yawa yakan fito da hannu in ka ɗan girgiza shi. In ya ƙi, maciri irin wanda ake ɗaurawa da boltoci a ramukan cibiya shi ne daidai. Shi ma ana iya haɗa shi: ƙarfe mai kauri, ramuka biyu a gefe, noti da dogon bolti a tsakiya. Kada bakin boltin tsakiyar ya shiga tiredin karankshaf, saka tsohon boltin ka bar shi a sassauce ko ka ɗora wani ɗan ƙarfe ya tokara a kai. Maciri mai farce uku da yake kama zoben waje yakan tsinke robar ya fito da zoben, ya bar maka cibiya a manne. Kuma kada ka ɓanɓara da ƙarfen taya ta bayan fulin, murfin da kake dogara a kai roba ne ko siririn alminiyam.

Da ya fito, nemi ki ka tabbatar yana wurinsa bai faɗa cikin murfi ba. Duba tsaginsa, in ya buɗe ko gefensa ya cinye, tsaya nan, wannan aikin mai buɗe injin ne. Jera tsohon fuli da sabo fuska da fuska: faɗi, yawan layukan da bel yake hawa, zurfin cibiya, alamar taimin. A wasu injinan haƙoran da sensa yake karantawa suna jikin fulin, in sun bambanta ko kaɗan motar ba za ta tashi ba, ko ta tashi da fitilar injin a kunne. Canza sil, ka shafa wa leɓensa da wuyan fulin bakin mai kaɗan.

Wajen mayarwa, guduma haramun ce. Duk dukan da ka yi yana wucewa ta karankshaf ya sauka a kan washar da ke hana shi wasa gaba da baya, can cikin injin. Mai ki da hannu ake tura shi, in ya ƙi shiga tsagin ne bai yi daidai da ki ba, kada ka danne da bolti. Wanda ake dannawa da ƙarfi kuma, samo dogon ƙarfe mai tiredi iri ɗaya da na boltin, ka ɗaura shi har ƙarshen ramin, ka saka washa mai kauri da noti, ka riƙa murɗa notin yana tura fulin. In ka ce da boltin kansa za ka jawo shi, zare biyu ko uku ne kawai suka kama a farko, kuma su za su ɗauki duk nauyin su tsinke a cikin karankshaf.

Ɗaurin ƙarshe

Wannan ne laifi na biyu da na ce muna gani. Mutum ya sha wahalar kwancewa, wajen ɗaurewa sai ya buga da bindiga ya ce ya yi. Aikin ki shi ne saita fuli a inda ya kamata, matsin boltin ne yake riƙe shi. In matsin ya gaza, fulin zai riƙa ɗan motsi gaba da baya a kowane bugun fistan, ki ya riƙa cin tsaginsa har hancin karankshaf ya lalace. Mazda MX-5 na farko, masu injin 1.6 na 1990 zuwa tsakiyar 1991, sun yi suna da wannan ciwo, domin hancinsu gajere ne, kuma boltin da ba a ɗaure daidai ba bayan canjin bel ɗin taimin ya sa da yawa sun rasa karankshaf.

Adadin da za ka ɗaure a kai, littafin injinka ne zai ba ka, ba ni ba, kuma kada ka ari na wani injin ko da kamfani ɗaya ne. Karanta har da maganar mai. Honda takan ce a shafa bakin mai a tiredin da ƙarƙashin kan boltin, wasu kuma a bushe suke so, kuma adadi ɗaya a jiƙe ya fi matsi nesa da a bushe.

In ka ga an rubuta adadi sannan an ƙara digiri, kamar niyuton-mita 100 da digiri 90 a injinan Mazda da Duratec na Ford da na ambata, ko 50 da digiri 140 a LS, to mafi yawan irin waɗannan boltoci talewa suke yi, sau ɗaya ake amfani da su. Sayo sabo, a marar ki har da washoshin nan masu kaushi. Digiri ba ya bukatar na'ura. Bayan ka kai adadin farko, ja layin fenti a kan boltin, ka yi wata alama a jikin fulin inda layin zai tsaya. Digiri 90 kwatan zagaye ne, daga kusurwa ɗaya ta kan bolti zuwa ta kusa da ita kuma digiri 60. Sharaɗin shi ne mariƙi ya riƙe fulin gam, in ba haka ba injin ne yake juyawa kana ƙirga digiri.

Sifanar awo, wadda take auna ƙarfin ɗauri, ita ce abu ɗaya da zan ce ka saya ko ka ara ko da duk sauran ka haɗa da hannu, kuma ka duba iyakarta, domin ƙananan da yawa ba sa wuce 200 ko 210. In ta gagara sam, akwai lissafin da ya fi ƙiyasi. Nauyinka a kilo sau 9.8, sai ka raba adadin ɗaurin da abin da ka samu, ya ba ka nisan da za ka tsaya a kan sanda, a mita. Mai kilo 70 in ya ɗora duk nauyinsa a santimita 20 daga tsakiyar bolti ya ba da wajen 138, a santimita 36 kuma wajen 245. Dole sandar ta kwanta daidai da ƙasa, ka hau a hankali da ƙafa ɗaya a kan alamar, ba tsalle, ba jijjiga. Wannan na fita kunya ne a injin mai ki. A marar ki, inda taimin gaba ɗaya ya dogara da matsin, ban yarda da shi ba.

Bayan ɗauri, cire fin da faranti da makullin fulawil, ka ƙirga su a hannunka kafin ka ci gaba. A injin marar ki, juya karankshaf da soket zagaye biyu cikakku a hanyar da yake juyawa, ka sake gwada fin da faranti. In sun shiga ba tilas, taimin yana nan. In ka ji ya tokare da wani abu a tsakiyar zagaye, kada ka matsa, kuma kada ka taɓa kik. Mayar da bel bisa hoton da ka ɗauka, ka bi kowane fuli da yatsa ka tabbatar layukansa sun zauna a gurbinsu. Tayar da mota, ka kalli fulin daga gefe, ya kamata ya zama kamar ba ya motsi. Ja sabon layin fenti daga kan bolti zuwa cibiya zuwa zoben waje, ka leƙa shi bayan tafiyar farko, ka sake leƙawa a canjin bakin mai na gaba. In layin ya rabu tsakanin bolti da cibiya, ɗauri ne bai kai ba. In tsakanin cibiya da zobe ne, robar sabon fulin ce ba ta da kyau, sai ka mayar wa wanda ya sayar maka.